Saiwar jinsen a kasuwar Qingping

Yaya, bayan gaisuwa, ga bayani a kan saƙon da ka ba ni na in sayo jinsen (ginseng), wata saiwar magani da Sinawa ke amfani da ita.

A nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mai neman saiwa kasuwar Qingping yake zuwa, kusa da tsibirin Shamian. Ka ɗauka layin 'yan magani ne na Kurmi aka ɗora shi hawa-hawa: buhunan saiwoyi, ɓawo, busasshen naman kaza, har da busassun kunamu. Amma ba a maka tsibi a ce na ɗari biyar ne. Komai a sikeli, da ma'auninsu da suke kira jin, giram 500, ko liang, giram 50.

Kuma jinsen ba iri ɗaya ba ne. Nasu na gida daga lardin Jilin yake fitowa, wajen tsaunukan Changbai, kuma yakan yi shekara 4 zuwa 6 a ƙasa kafin a haƙo. Fari busarwa kawai aka yi. Ja sai da aka turara shi sannan aka busar, shi ya sa yake da tauri da launin goro. Akwai na Amurka, galibi daga jihar Wisconsin, wanda Sinawa ke cewa mai sanyaya jiki ne, nasu kuma mai ɗumamawa. Idan ka ce a ba ka jinsen kawai, mai shago zai tambaye ka wanne, kuma wa zai sha. Wannan tambayar ce ban taɓa jin mai tallar shayin jinsen a tasha ya yi ba. A wurinsa duk na ƙarfin maza ne, shi ke nan.

Su a nan na gajiya ne da mai murmurewa daga ciwo. 'Yan yanka kaɗan ake jefawa a romon kaza.

Abin da ya fi burge ni shi ne kantin magani irin su Tongrentang, da aka kafa a Beijing tun 1669. Likita ya taɓa jijiyar hannunka, ya duba harshe, ya rubuta haɗi da nauyin kowace saiwa. Ma'aikaci ya jawo durowoyin katako, ya auna, kuma in kana so su dafa maka su zuba a ƙananan ledoji rufaffu, kowace sha ɗaya. Masu maganinmu ba ilimi suka rasa ba, wallahi. Awo ne babu, sai "sha kofi ɗaya", kofin wa kuma oho.

Kada ka ɗauka babu ha'inci. Wasu na turara saiwa da farar wuta don ta yi haske kuma kada ƙwari su ci, saboda haka wadda ta cika fari ko take warin ashana, na bar musu. Na cikin kwalba da ruwa kuwa sau da yawa a giya aka jiƙa shi.

Zan aiko da fari, yankakke, na kanti mai takardar izini. Amma Baba kada ya taɓa sai likitansa ya yarda, tunda yana shan maganin suga da na tsinka jini, kuma jinsen kan yi karo da su. A gaishe da Inna.