Hostal ko haya a Danbare? Amsa ga ƙaninmu da ya samu BUK

Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare wani ƙaninmu daga Haɗeja ya yi tambaya, ya ce sunansa ya fito a BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, sashen tattalin arziki, babansa ya ce ya zaɓa ko ya zauna hostal ko a kama musu ɗaki a Danbare shi da wani abokinsa da suka gama sakandare tare, wanne ya fi? Na ga amsoshi sun yi yawa amma kowa layi ɗaya, wannan ya ce hostal wahala ce wancan ya ce zaman waje lalacewa ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka da ɗan tsawo tunda ni duka biyun na ɗanɗana, shekara 2 a hostal shekara 2 a haya. Ba BUK na yi ba, wata jami'ar tarayya ce a nan arewa, amma a Kano nake zaune kuma ƙannena biyu ta BUK suka bi, ni na riƙa yi musu zirga-zirgar neman wurin kwana.

Da farko barka ƙanina, Allah ya sanya albarka. Amma kafin mu shiga maganar ɗaki, da ka ce sunanka ya fito, a ina ya fito? In a fotal ɗin makaranta kawai ka gani ko wani ne ya turo maka hoton lis a WhatsApp to da sauran aiki. Ka shiga CAPS, wato shafin da JAMB take bayar da admishan ta cikinsa, da kanka ka ga an ba ka, ka danna ka karɓa, ka fitar da takardar admishan ta JAMB ka riƙe a hannu. Tun 2017 da aka fito da CAPS duk admishan ɗin da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar ba yanzu take bayyana ba sai ka gama shekara 4 an zo tura sunaye bautar ƙasa. Ka kuma tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a can, kiredit 5 har da Turanci da lissafi, zama bai wuce 2 ba. Don Allah kar baba ya ba wani dillali ko sisi kafin wannan ya kammala.

To mu dawo kan tambayar. Abin da ya fi fitowa fili shi ne kuɗi. Hostal sau ɗaya za ka biya na zangon shekara, ruwa da wuta suna ciki, ba ka biyan kuɗin mota zuwa aji. Haya kuwa kuɗin da mai gida ya faɗa shi ne ƙarami a lissafin, na shekara za ka bayar a dunƙule, ga la'adar dillali, wasu gidajen har da kuɗin ajiya ko da za ka ɓata wani abu, sannan ɗakin fanko za a ba ka, kai za ka sa leda da labule da katifa da fanka da kwan fitila har da kwaɗon ƙofa. Bayan nan kowane wata a zo karɓar kuɗin wuta, kuɗin 'yan sintiri, kuɗin kwashe shara, in famfo ko rijiyar gidan ta ƙafe lokacin bazara kullum kana tare da 'yan garuwa. Ko da ka samu bashin NELFUND, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara bayarwa a 2024, kuɗin kashewa naira 20,000 ne a wata, ka lissafa da kanka nawa zai rage bayan ruwa da wuta da a daidaita sahu.

Akwai kuma wani abu da sababbin ɗalibai ba sa sawa a lissafi, yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta tafi ranar 14 ga Fabrairu ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ƙanina yana haya lokacin, bai fi wata 2 da biyan kuɗin shekara ba aka rufe, ya dawo gida, ɗaki a kulle ƙura tana hawa kan katifa, ana dawowa karatu ba da daɗewa ba mai gida ya aiko wa'adi ya kusa cika. Shi ma ba laifinsa ba ne, da kalanda yake lissafi ba da semesta ba. Hostal kuwa da zangon karatu yake tafiya.

Maganar wuri kuma, BUK gida biyu ce, tsohuwa tana cikin gari kusa da Kabuga, sabuwa tana kan titin Gwarzo, masu likitanci in sun kai matakin asibiti kuma suna komawa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Kai sashenku a sabuwa yake, kuma Danbare tana nan daf da ita shi ya sa ɗalibai suka cika ta, haka Rimin Gata da Rijiyar Zaki, masu tsohuwa kuma su nemi Janbulo ko Kabuga ko Ɗorayi. Amma daf ɗin nan ka yi hattara da shi, sabuwar BUK faɗi gare ta, daga bakin get zuwa aji ma tafiya ce, balle ace gidan naka yana can ƙuryar unguwa inda da damina sai ka naɗe wando. Ga sauran 'yan gida masu wasu kwasa-kwasan, musamman na kimiyya, ku tambayi inda za a riƙa yi muku lakcar aji ɗaya kafin ku kama ɗaki, ba lallai ne ya zama inda fakaltinku yake ba.

Yanzu abin da ni ya fi damuna, wato karatun kansa, don shi ya kawo ka. A aji ɗaya ba ka san komai ba tukuna, ba ka san wane lakcara ne yake rufe ƙofa ƙarfe 8 daidai ba, ba ka san wane ne yake yin tes ba sanarwa ba, ba ka san inda ake samun tsofaffin tambayoyin jarabawa ba. A hostal waɗannan abubuwan a bakin famfo za ka ji su kana layin ɗiban ruwa. Ba na mantawa semestata ta farko wata Talata da asuba, mun dawo daga masallaci na koma na kwanta don a tunanina sai 10 nake da aji, wani ɗan ajinmu da ke ɗakin da ke kallon namu ya buga ƙofa da bokiti a hannunsa da soso a ciki ya ce kai ba ka ji an dawo da tes ƙarfe 7 ba? Na zura riga ko wanka ban yi ba muka ruga. Mutum huɗu a ajinmu suka rasa tes ɗin nan mai maki 20, dukansu a waje suke zaune, ɗaya har sai da ya maimaita kwas ɗin. Na san yanzu akwai guruf na aji a waya, amma waya tana mutuwa, data tana ƙarewa, wanda zai buga maka ƙofa daban ne.

Sannan karatun dare. Wanda ke hostal zai ɗauki handawut ɗinsa bayan isha'i ya tafi aji ko laburare ya yi karatu har ya gaji ya dawo a ƙafa, tutoriyal da 'yan gaba da ku da ƙungiyar ɗalibai musulmi ke shiryawa ma yawanci da yamma ne ko ƙarshen mako. Wanda ke waje da magariba ta yi hankalinsa ya koma gida, in ya koma kuma aka ɗauke wuta sai fitilar waya da sauro. Cikin makaranta ma ana ɗaukewa ba wai ba a ɗaukewa ba, amma makaranta tana da nata tanadin, ita BUK a 2019 aka ƙaddamar mata da tashar sola mai megawat 7.1, a unguwa kuwa in tiransifoma ta lalace sai an yi karo-karo.

Ba zan ɓoye maka wahalar hostal ba, akwai ta sosai. A inda na yi, ɗakin mutum 4 mu 9 ne a ciki saboda kowa yana da ɗan garinsu da bai samu gado ba, kuma ba ka iya cewa a'a don kai ma gobe kana iya zama shi. Banɗaki sai ka yi sammako, in ka makara sai ka toshe hanci. Kuɗin cizo, hayaniya, wani yana waya ƙarfe 1 na dare wani yana soya albasa kai kana son barci. Ɗauke-ɗauke kuma ba a magana, na taɓa sa wayata caji na fita alwala, minti 5 bai cika ba na dawo caja kawai na tarar tana lilo a bango, wallahi ranar har hawaye na yi don da kuɗin tunkiyar da mahaifiyata ta sayar aka saye ta. Takalmi a ƙofar masallaci, riga a kan igiya, bokitin da ka cika da ruwa, duk sai da ido. A nan haya ta fi nesa ba kusa ba, ɗakinka makullinka, ka dafa garau-garau ɗinka ka rufe tukunya ka dawo ka same ta yadda ka bari, ka yi barci lokacin da kake so, baƙo ya zo daga gida ka samu inda za ka sauke shi.

Amma shi ma tsaron iri biyu ne. A hostal ƙananan abubuwa ake ɗauka, amma kana cikin katanga da masu gadi da ɗaruruwan mutane. A waje ba a cika ɗaukar maka cokali ba, sai dai ranar da aka shigo laftof da waya za a haɗa gaba ɗaya, musamman lokacin lakca da kowa ya san gidan ɗalibai ba kowa, ga masu ƙwacen waya in ka yi dare a lungu. Rashin lafiya ma haka, zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kayar da ni a hostal cikin dare, 'yan ɗakinmu biyu suka riƙe ni har asibitin makaranta ɗaya ya kwana a kan benci. Da na koma haya irin wannan zazzaɓin na yi kwana 2 a kwance ba wanda ya sani sai da wani ya ga ban zo aji ba ya biyo sawu.

Batun abokin naka kuma, ban san shi ba, Allah ya sa na kirki ne. Amma zaman aji ɗaya a sakandare daban, cin tukunya ɗaya daban. Wa zai sayi gas in ya ƙare, wa zai wanke kwano, in an turo wa ɗaya kuɗi ba a turo wa ɗaya ba fa, in ya fara kawo abokan da ba ka yarda da su ba suna kwana suna shaye-shaye ya za ka yi alhali kun biya kuɗin shekara tare? A hostal in ɗan ɗaki ya dame ka akwai mai kula da hostal akwai ofishin harkokin ɗalibai, kuma shekara na ƙarewa kun rabu. A haya ba mai tambayarka ka je aji ko ba ka je ba, ka yi sallah ko ba ka yi ba, kuma yaro ɗan shekara 17 ko 18 da bai taɓa barin gaban iyayensa ba wannan sakewar tana yi masa yawa, na ga masu ƙoƙari sosai da suka zube a nan, sakamakon aji ɗaya kuma in ya lalace har ka gama kana jan sa a CGPA, wato matsakaicin makin duk shekarunka.

Don haka ni in ƙanina ne kai uwa ɗaya uba ɗaya, hostal zan ce ka nema a wannan shekarar ta farko, ka sha wahalarta ka san makaranta ka san mutane, in ka shiga aji 2 ko 3 ka ga kana son natsuwa sai ka fita da wanda ka zauna da shi ka ga halinsa da idonka. Ƙannenmu mata ma da ke karantawa haka zan ce, har ma na fi ƙarfafawa, hostal ɗin mata su Nana a tsohuwa da Ramat a sabuwa sun fi kwanciyar hankali ga iyaye. Wanda zan ce ya tafi haya kai tsaye shi ne mai iyali, ko mai lalura irin asma ko sikila da cunkoso zai cutar da shi, ko mai sana'ar da yake dawowa da dare.

Sai dai gado ba ya isa, ɗalibai sun ninka gadajen, saboda haka kana gama biyan kuɗin rajista ka sa ido a fotal, ranar da aka buɗe neman hostal ka kasance a kafe ko da data a wayarka tun safe, ko hostal ɗin Sa'adu Zungur ko na Idris Garba duk wanda ya samu ka kama kar ka tsaya zaɓe. Kar ka sayi gado a hannun wani ɗalibi, ya saɓa doka kuma in aka kama kai ne a waje da kayanka.

In kuma ba ka samu ba dole sai haya, to ka je da babba, kar ka je kai kaɗai. Ka je gidan sau biyu, da rana da kuma bayan magariba, ka buɗe famfo da hannunka, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai shatar yoyo, ka ja ɗalibin da ke zaune a gidan gefe ka tambaye shi wuta da ruwa da halin mai gida ba a gaban dillali ba. Kuɗi kuma a hannun mai gida ko wakilinsa da maƙwabta suka sani, da rasit da shaida, don ƙanwata wani dillali ya taɓa karɓar kafin alƙalami a hannunmu ashe ya karɓi na wasu a kan ɗaki ɗaya, sai da muka yi sati 3 muna bin sa har gaban mai unguwa kafin kuɗin ya fito, su ma ba duka ba.

Kayan tahowa kar ka ɗebo da yawa, katifa ƙarama, gidan sauro, bokiti 2, kwaɗo mai kyau na akwati, bargo saboda sanyin Disamba da Janairu, da fotokwafin takardunka kamar kwafi 10 da fasfo masu yawa don rajista tana cinye su. Ka faɗa mana abin da CAPS ɗin ya nuna in ka duba.