Na cire turmi a Kumasi, katin inshora ya biya

Jama'ar gida, sallama. Waɗanda suka kira ni kwanakin baya suka ji maganata a dunƙule, ba fushi nake yi ba, haƙori aka cire mini. Turmin ƙasa ne na hagu, wanda ya yi kogo tun ina Kano, ya lafa shekara da shekaru, sai bana ya tashi da kumburi har kunne. Zafinsa ba sai na ba ku labari ba, kowane gida an taɓa kwana zaune a kansa.

Na ƙulle kuɗi masu kauri daga cinikin shago, don a sanina asibiti da kuɗi ake shigarsa. Ina shirin fita bayan asuba sai maigidan da nake haya a wurinsa a unguwar Aboabo, dattijon da kakanninsa suka zo fataucin goro ta hanyar Salaga, ya tare ni a zaure. Ya ce, "Ɗana, ina katinka?" Shi ne dama ya matsa mini na yi rajistar inshorar lafiya bayan takardun zamana sun kammala, kuma shi yake tuna mini in sabunta ta waya, a danna *929# a biya daga asusun kuɗi na waya. Na ce, "Baba, yana cikin akwati." Ya ce in koma in ɗauko.

Jiran asibitin gwamnati a nan ma azaba ne, kada wani ya ce muku Gana aljanna ce. Na sauka daga trotro, wato motar hayarsu, gari bai gama wayewa ba, na tarar benci ya cika. Daga tagar kati a tura ka tagar fayil, daga can a ce ka koma inda ka fito. Da yaren Twi ake kiran mutane, in ba ka ji ba a tsallake ka, kuma matar da ke tagar farko ko ɗaga kai ba ta yi ta dube ni ba. Mutum na riƙe da kunci, hawaye na zuba ta ido ɗaya, ana ce masa ya jira. Sai da rana ta take aka kira ni.

Amma a tagar biya ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Na kwance kuɗina na tura. Ma'aikaciyar ta duba lambar katin a kwamfuta, ta turo mini kuɗin baya, ta ce cire haƙori yana cikin abin da katin ke biya. Na ɗauka ban fahimce ta ba, na sake turawa, ta sake turowa. Wallahi na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi. Ni baƙo, ɗan kasuwa, ba ma'aikacin gwamnati ba, ban san kowa a asibitin ba, ba wanda ya yi mini waya, ba wanda ya rubuto mini takarda.

Da na dawo na yi ta tambayar maigida yadda abin yake. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa dokar inshorar, don a kawo ƙarshen tsarin da sai ka biya kafin a taɓa ka. Mafi yawan kuɗin daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari ake samunsu, wanda ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, wato duk mai sayayya yana zubawa ko bai sani ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da masu juna biyu, an ɗauke musu kuɗin shekara. A zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, za ka ga mai koko da kati, mai tura baro da kati. Mu ma fa a Najeriya muna da tamu inshorar, an ƙaddamar da ita a 2005, a 2022 aka yi sabuwar doka ta zama dole a kan kowa. To amma duk zamana a Kantin Kwari ban taɓa ganin maƙwabcin rumfa ya zaro kati ya nufi asibiti ba. Laifin gwamnati yana nan, ban wanke ta ba. Sai dai mu ma a faɗi gaskiya: muna zubin adashi ba fashi, muna kashe dukiya a anko da kayan lefe, amma a ce mutum ya ajiye ɗan abu don ciwon da bai zo ba, sai ya ce ana yi masa fatan tsiya.

Likitan Ba'asante ne, wata nas 'yar zango ce ta yi mana tafinta. Kafin ya taɓa bakina sai da aka auna jinina, aka tambaye ni ko ina da ciwon suga, ko ina shan maganin da ke tsinka jini. Aka ɗauki hoton haƙorin, ya nuna mini inda ruɓar ta kai saiwa, ya ce da ciko zai yi da an cika, amma wannan ya wuce nan. A gabana aka yage ledar kayan aiki. Allura a dasashi, leɓe ya yi nauyi, na ji ana girgiza muƙamuƙi amma ba zafi, sai ga haƙori a faranti. Ya ce da saiwar ta maƙale a ƙashi da sai ya tura ni babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Ina kwance a kujerar nan zuciyata ta tafi kasuwannin ƙauyenmu, inda mutum ke shimfiɗa buhu da awartaki ɗaya, ya cire wa wannan, ya goge da tsumma, ya kira na gaba. Ta irin wannan hanya ciwon hanta ke yawo. Ga masu turara hayaƙi su ce sun fitar da tsutsa. Babu wata tsutsa a haƙori, jama'a. Ƙwayoyin cuta ne ke cin zaƙin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya cinye haƙori. Kanumfari yana rage zafi, wannan gaskiya ne, amma ba ya toshe kogo. Masu ɗiga ruwan batir da fetur kuwa, ku ji tsoron Allah, dasashi kuke ƙonawa.

Nas ɗin ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. "Baba, ka cije audugar nan kamar rabin awa. Yau kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka sha abu mai zafi. Gobe ka fara ruwan ɗumi da gishiri, a hankali." Ta ce gudan jinin da ke ramin shi ne murfinsa, in ya fita ƙashi zai zauna a buɗe, bayan kwana biyu zuwa huɗu a ji zafin da ya fi na farko, musamman ga masu shan taba. Na ce to alwala fa? Limamin masallacinmu ya warware mini da la'asar: kurkure baki sunna ce ba farilla ba, in bari sai na warke.

Jinyar ce ta tuna mini ni baƙo ne. Kokon nan ya fi namu citta da barkono, sai na ajiye ya huce sannan in kurɓa ta gefe ɗaya. Wake da shinkafarsu da yajin shito sai kallo. Goro kuma, ina zaune a ƙasar da ake ɗaukarsa a kai mana Kano, aka ce kada in kusance shi. Matar maigida, Allah ya saka mata, ta riƙa aiko mini da tuwo mai laushi da miyar ayoyo. Duk da haka ba abin da raina ya so irin kunun gyaɗar Inna, da ta zauna kusa tana yi mini sannu.

Katin bai biya komai da komai ba. Ɗaya daga magungunan da aka rubuta babu shi a ɗakin magani, a kemis na saya da kuɗina. Haƙorin roba da za a cike gurbin shi ma ba ya ciki, kuma kuɗin da aka faɗa mini ya sa na ce a dakata tukuna.

Ƙanena, kai da ke gida: an ce Inna tana ɗaure kunci da ɗankwali tun kafin salla, tana cusa kanwa a ramin. Kuɗin da aka turo mini baya a tagar nan zan aiko maka gobe. Kada ka kai ta wurin mai awartaki, kada ka saya mata kafso a kemis. Ka kai ta sashen haƙori na asibitin Malam Aminu Kano, ka gaya musu tana da hawan jini kafin su taɓa ta, ka kira ni in kun fito.