Kafin ka sayi ɗakin kwana na ja: tirelar ɗigon hawaye da kishiyoyinta

Duk shekara idan Yuni ya tunkaro, yara suka samu dogon hutu, 'yan'uwanmu mazauna Amurka sukan tambaye ni abin da ya fi dacewa su saya don yawon buɗe ido da kwana a daji. Amsata ba ta canzawa: ƙaramar tirelar nan da Amurkawa ke kira teardrop, wato ɗigon hawaye, saboda gabanta mai ƙiba ne, bayanta ya tsuke. Ina sonta, kuma ba zan ɓoye ba.

Tantin ƙasa ya fi komai araha, amma duk wanda ya taɓa naɗe jiƙaƙƙen tanti da asuba ya san kuɗin da ya rage a jikinsa ya fita. Tantin saman mota kuwa, ko burodi za ka sayo sai ka kwashe gidanka gaba ɗaya. Tirela mai rufin zane da ake ɗagawa tana da faɗi, sai dai zane zane ne: a sansanin Fishing Bridge da ke gandun dajin Yellowstone ba a barin tanti ko tirela mai bangon zane, saboda dabbar beyar. Babbar motar gida ba ta tamu ba ce. Man da take sha kaɗai ya isa hujja.

Ita ɗigon hawaye tsohuwar dabara ce. Tun shekarun 1930 mujallun masu aikin hannu suke buga zanen yadda mutum zai haɗa ta a garejinsa, ta kuma yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau fasalin bai sauya ba. Ciki katifa ce daga bango zuwa bango, faɗin ƙafa 4 ko 5, tsawon ƙafa 8 zuwa 10, da 'yan kantoci a saman ƙafafunka da fanka a rufi. A baya akwai murfi, ka ɗaga shi sai ga kicin: wurin risho, wurin kula, wurin tukwane. Mun taɓa isa sansani a Dakota ta Kudu bayan isha'i ana yayyafi. Na sa duwatsu a tayoyi, uwargida ta ɗaga murfin baya ta tsaya a ƙarƙashinsa, kafin in gama alwala ruwan shayi ya tafasa. Maƙwabcinmu yana can da tocila a baki yana neman turakun tanti a cikin ciyawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya kwance ta ka bar ta. A hanyar Going-to-the-Sun ta gandun Glacier, an hana duk abin hawan da tsawonsa, har da abin da yake ja, ya wuce ƙafa 21 bin tsakiyar hanyar. Mai babbar motar gida sai ya nemi bas. Kai kuwa ka zare tirelarka a sansani, ka hau Logan Pass, ƙololuwar hanyar, da motarka.

Tana da nata aibu. Ba a miƙewa tsaye a ciki, don haka salla a waje ake yi, a tanadi darduma mai kauri da rumfar da ake maƙalawa a gefe. Babu banɗaki. Mutum biyu take ɗauka, da ƙaramin yaro in an matsa. Mai 'ya'ya huɗu ya haɗa da tanti. In kuka rufe tagogi ruf, da safe za ku tarar bango ya yi gumi.

Wajen nauyi, yawancinsu suna tsakanin fam 1,000 da 2,000 ba kaya. Subaru Outback mai ƙaramin inji tana jan fam 2,700, amma Toyota RAV4 ta gama-gari ta kafin ƙirar 2026 da Honda CR-V fam 1,500 ne iyakarsu. Duba littafin motarka, kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Kuma galan ɗaya na ruwa ya haura fam 8, ga batir, ga tukunyar gas, ga kula cike da naman halal da ka sayo tun daga gari don ba za ka same shi a ƙauyukan Wayomin ba. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na duka. In ya gaza, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a babbar hanya.

Masu ƙera sabuwa suna da yawa: nuCamp a Sugarcreek ta jihar Ohayo mai yin samfurin TAG, Vistabule a Minesota mai babbar taga a gaba, Camp-Inn a Wiskonsin, Escapod a Yuta don hanyoyin duwatsu. Ni ta mai taga a gaba ta fi kwanta mini, don kana kwance kana kallon taurari. Sabuwa mai kyau takan haura dala 20,000, shi ya sa yawancinmu ta hannu muke nema. A nan kuma ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Ta farko da na saya haɗin gida ce. Fentinta na ƙyalli, cikinta na ƙamshin turaren mota, mai ita ya ce ba ta taɓa kwana a ruwa ba. Mako uku bayan nan, na danna yatsa a kusurwar kicin, katakon ya lotsa kamar dafaffen dankali. Ruwa ya daɗe yana bi ta inda murfin baya ya haɗu da rufi, ya ruɓar da katakon a ƙarƙashin gorar ruwan (wato alminiyon) da aka lulluɓe shi da ita. Turaren don ɓoye warin ruma aka fesa shi. Gyaran ya kusa cin rabin kuɗin da na biya, tafiyar shekarar kuma ta rushe.

Saboda haka kada ka je duba tirela ba tare da tocila da sukundireba ba. Kwanta a ƙasa ka leƙa ƙarƙashinta, ka soka bakin sukundireba a kusurwoyi. Ɗaga katifa ka shinshina. Ka roƙi mai ita ya ba ka tiyo, ku watsa wa rufin da murfin ruwa na minti goma, sannan ka buɗe ka shafa. Wanda ya ƙi, ka yi masa sallama. Sabon danƙo mai kauri da aka shafa a bakin taga ko fanka alama ce an yi yoyo. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin taya, su ne lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar tirela takan tsufa da zanenta a cike. Tambayi yaushe aka sa wa boris giris, ka ɗaga ta da jak ka juya tayar ka saurara.

Sai 'yan damfara. A Facebook Marketplace da Craigslist za ka ga tirela fes a rabin kuɗinta, mai ita ya ce shi soja ne an tura shi aiki, ko mijinta ya rasu tana son rabuwa da ita, a tura kafin alƙalami ta katin kyauta za a kawo har gida. Babu tirelar, hotunan wani suka kwafa. Kada ka tura ko sisi kan abin da ba ka taɓa da hannunka ba. In kun haɗu, lambar VIN, wato lambar shaidar tirelar, mai harafi da lamba 17 da ke jikin ƙarfen gaba ta yi daidai da ta takardar mallaka, sunan da ke takardar kuma ya zama na wanda ke tsaye gabanka, ba na "ƙaninsa" ba. Ta haɗin gida sau da yawa ba ta da takarda ko kaɗan, kuma dokar rajista ta bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ka kira ofishin lasisin jiharka kafin kuɗi ya bar hannunka.

In ka dace da mai kyau, wurin kwana shi ne abu na gaba. Sansanoni da yawa na gwamnatin tarayya ana kama su a shafin intanet na Recreation.gov wata 6 kafin ranar, na Yuli tun Janairu ke nan. A filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da ke yammacin Amurka kuwa kana iya sauka kyauta, galibi har kwana 14, sai dai ba famfo ba wuta, ruwan sha da na alwala duk daga jarkokinka za su fito.