Hawan keke a tsaunukan Cumbria cikin iska: kayan Ingila da hannun gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya keke na gida. Tambayar da ta fi zuwa mana, mu da ke zaune a Ingila, daga wajenku ita ce ko da gaske kayan keken Ingila sun fi namu, kuma me ya kamata a aiko. Amsar ba ta fitowa a cikin shago. Sai an je inda keke ke shan wuya, don haka za mu ɗauki hanya ɗaya mu auna kaya da aiki a kanta.

Hanyar ita ce ta Fred Whitton Challenge, a yankin Lake District da ke Cumbria, arewa maso yammacin Ingila. An fara ta a 1999 don tunawa da Fred Whitton, jami'in wata ƙungiyar mahaya keke ta yankin da ciwon daji ya yi ajalinsa, kuma kuɗin da ake tarawa yana zuwa ayyukan jinƙai. Ana yin ta a watan Mayu, a tashi daga ƙauyen Grasmere a dawo Grasmere, mil 112, wato kusan kilomita 180, da hawa da ya haura mita 3,000 idan an haɗa shi duka. Ba tsere ba ne irin na wa ya riga wa. Kowa da lokacinsa yake gwagwarmaya, kuma a galibin hanyar ba a rufe titi, motoci suna wucewa kamar kullum. Ana bi ta tsaunukan Kirkstone, Honister, Newlands, Whinlatter, sai Cold Fell, sannan Hardknott da Wrynose su tare mutum bayan ya riga ya ci kusan mil ɗari. A Hardknott akwai wuraren da tudun ke kai kashi 30 cikin 100: kowane mita 10 da ka yi gaba, ka hau mita 3.

Mu fara da giya, domin a nan ne kayan Ingila suka yi wa namu nisa. A Ingila ba a sayar maka da firiwil haka kawai, sai an tambaye ka haƙora nawa. Keken titi na zamani yana da faranti biyu a gaba, mafi dacewa da wannan hanya shi ne mai haƙora 50 da 34. A baya kuma ana so babban haƙori ya kai 32, gara ma 34. Idan gaba 34 ne baya 34, zagaye ɗaya na feda zagaye ɗaya ne na taya, kuma wannan ne ke raba mai hawa Hardknott a kan sirdi da mai tura kekensa da ƙafa. Samari masu ji da ƙarfi sukan zo da 28 a baya. Honister za ta bar su su wuce, amma za ta karɓi kuɗinta daga cinyoyinsu, sai a Hardknott jijiya ta ɗaure. Kafin ka sayi babban firiwil ka duba ko ƙarfen da ke canza giyar baya zai iya ɗaukarsa, domin mai gajeren hannu yakan tsaya a 28 ko 30, kuma sau da yawa sai an sa sabuwar sarƙa mai ɗan tsawo. Idan aka bar gajeriyar sarƙa, ranar da ka haɗa babban faranti da babban haƙori cikin gajiya za ta fizge ƙarfen canjin ta cusa shi cikin wili.

Ita kanta sarƙar ana auna ta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai araha da ake zurawa tsakanin ƙwayoyinta, idan ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a keke mai giya 11 a baya, an canza ta ke nan. Mu a gida sai ta fara zamewa ko ta tsinke, alhali kafin nan ta riga ta cinye haƙoran firiwil, asara ta zama biyu. Wannan ɗan ma'auni yana cikin abubuwan da muke ganin ya kamata kowane mai gyaran keke a Kano ko Jos ya mallaka.

Sai iska, wadda ita ce ainihin abokiyar gaba a wannan hanya. A Ingila ta fi busowa daga kudu maso yamma, daga teku, kuma lissafinta ba ya tausayi. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Mai tafiyar kilomita 25 a awa da ya fuskanci iska mai gudun kilomita 25 a awa, ƙirjinsa yana karo da iskar 50, turjiyar ta ninka sau huɗu. Shi ya sa kuskuren da ya fi karya mutane shi ne kallon na'urar gudu. Mutum ya saba ganin 28, yau yana ganin 17, sai ya ƙara matsa feda don ya dawo da lambar, ya ƙone man da zai hau Hardknott da shi. A cikin iska, numfashi da bugun zuciya ake kallo. A sauke giya, a bar ƙafa tana juyawa wajen sau 85 zuwa 90 a minti, a riƙe ƙasan kan keke, a lanƙwasa gwiwar hannu, a ja zif ɗin riga har wuya, domin rigar da ke kaɗawa tana jan mutum baya.

Wurare biyu ne iskar yamma ke nuna halinta. Na farko babban titin A66 da ke shiga garin Keswick, inda ake fuskantar yamma kai tsaye. A nan kada ka yarda ka zauna kai kaɗai. Wanda ya lafe a bayan wani yana rage wahala da kusan kashi 30 cikin 100, don haka gara ka rage gudu ka jira ayari ya iso ka shiga, da ka yi ta dambe da iska kai ɗaya. Ladabin ayari shi ne kowa ya ja gaba na ɗan lokaci, minti ɗaya ko biyu, ya koma baya. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka. Iska ɗaya ta kaɗa shi, tayoyin suka taɓa, kai ne za ka sha ƙasa, shi ko ji ba zai yi ba.

Na biyu shi ne Cold Fell, fili ne a kan tudu, babu itace babu gini, Tekun Ailan yana hannun dama. Ana tafiya kudu, iskar tana dukan kafaɗar dama, tana tura ka gefen titi, tunda a Ingila hannun hagu ake bi. Ka bar tazarar kusan mita ɗaya tsakaninka da bakin kwalta. Abin da ke kada mutane shi ne yankewar iska, ba ƙarfinta ba. Kana jingine da ita, babbar mota ta zo wucewa ta dama ta tare ta, sai ka ji keke ya zabura wajen motar. Haka ma a ƙananan hanyoyi masu katangar dutse: katanga tana kare ka, ka iso ƙofar gona inda ta yanke, iska ta buge tayar gaba kamar an hankaɗe ka. Mai lura yana hango ƙofar tun daga nesa, ya sassauta hannu, ya ci gaba da murza feda, domin keken da ake tuƙawa ya fi wanda aka saki tsayuwa da ƙafafunsa.

A nan ne tsadar kaya ke yaudarar mutum. Shaguna suna cike da wili na kabon (wani sinadari mara nauyi da ake ƙera kayan keke da shi) mai faɗin baki, milimita 50 ko 60, kyakkyawa, mai saurin gaske a shimfiɗaɗɗen titi ranar da babu iska. A Cold Fell wannan faɗin shi ne abin da iska ke kamawa, musamman a gaba, kuma mara nauyin jiki ya fi shan wahalarsa. Wili na alminiyam mai milimita 25 zuwa 35, wanda kuɗinsa bai kai rabin wancan ba, ya fi shi amfani a ranar. Taya mai faɗin milimita 28 ta fi siririya mai 23 riƙe titi, kuma kada a cika ta tam. Mai nauyin kilo 70 zuwa 75 awo 70 zuwa 80 na PSI a ma'aunin famfo zai ishe shi. Mu mun saba a danna taya da babban yatsa, idan ta yi tauri kamar dutse an ce ta yi. A jiƙaƙƙen gangare, taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa.

Gangaren ma jarrabawa ce. Saukowa daga Honister, Hardknott da Wrynose ya fi hawansu haɗari: kwana masu kaifi, kwalta mai gargada, tumakin Herdwick da ke tsallakawa ba sallama, da sandunan ƙarfe da ake shimfiɗawa a titi don hana dabbobi wucewa. Waɗannan sanduna ana tsallake su a miƙe, ba birki ba karkata. Wanda ya sayi keke a Ingila ya sani birkin gaba yana hannun dama, saɓanin kekunan Faransa da Amurka. A matsa birki da ƙarfi kafin kwana, a saki, a sake matsawa. Riƙe shi tun daga sama har ƙasa yana zafafa bakin wili ko faifan birki har ya daina kamawa, kuma yatsu su sage. Robar birki sabuwa ake sawa, mako biyu kafin ranar don ta zauna, domin ruwa da tsakuwar yankin suna cin ta da sauri. Ruwan kuwa ba wasa ba: Seathwaite da ke kwarin Borrowdale, kusa da gindin Honister, yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Ingila. Rigar ruwa mai shiga aljihu da safar hannu mai rufe yatsu dole ne, ko da an wayi gari da rana. Jiƙaƙƙen gumi da iskar gangare suna sa mutum karkarwa har ya kasa riƙe kan keke.

Ta fuskar tsari, gaskiya sun yi ƙoƙari, kuma abin koyi ne. Akwai alamun hanya, masu tsayawa a mahaɗa da bakin gangare suna gargaɗi, na'urar da ke ɗaukar lokacin kowa, wuraren cin abinci a hanya, masu agajin gaggawa, da lokacin da idan ba ka kai wani wuri ba za a dakatar da kai. Ba a barin kowa ya tashi babu hular kwano, duk da cewa dokar ƙasa ba ta tilasta ta ba. Hasashen yanayi na hukumar Met Office yana ba da gudun iska awa bayan awa, kuma lambar da za ka duba ita ce ta bugun iska mai zuwa farat ɗaya, ba matsakaicin gudunta ba.

Amma kada ka dogara da teburin abincinsu kaɗai. Jiki yana buƙatar wajen giram 60 na sitaci da sukari a kowace awa, da ruwa rabin lita zuwa uku bisa huɗu, kuma a fara ci tun awa ta farko. Cikin iska mutum yana tsoron sakin hannu ɗaya, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa, sai a yi awa biyu ba a sa komai a baki ba, ƙarfi ya yanke lokaci guda. A buɗe ledojin abinci tun a gida, a ci a inda katanga ko daji ya tare iska. Dabino yana yin aikin da 'yan ledojin sukarin nan masu tsada ke yi, manya uku ko huɗu sun kusa biyan awa guda. Musulmi ya tambaya kafin ya ɗauki burodi mai nama, kuma alewar roba da yawa a nan da sinadarin alade ake yin ta.

Inda gida ya fi nan, kuma ba kusa ba, shi ne hannu. A nan babu mai faci a gindin bishiya. Shagon keke sai ka nemi rana, kuma a watan Afrilu, lokacin da kowa ke fito da kekensa, jiran yana iya kai makonni. Kuɗin aiki sau da yawa ya fi kuɗin kayan da aka sa. Ba kasafai suke liƙe tub ba, sabo suke sawa su jefar da tsohon, abin da ke ba mu takaici idan muka tuna yadda yaron shago a gida zai tsoma tub a ruwa, ya gano huji, ya kankare, ya shafa sholisho, ya ɗora faci cikin minti goma. Aikinsu yana da tsabta, suna ɗaure kowane noti da ma'aunin ƙarfi don kada kabon ya tsage, suna ba da rasit, idan aiki ya ɓaci ka dawo. Sai dai a saman Cold Fell babu shago. Dole a jakar sirdinka a samu tub biyu, ƙarfen cire taya, ƙaramin famfo, 'yan makullai masu kusurwa shida, da mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyarka. Idan ka cire tub, ka bi cikin tayar da yatsa ka nemo ƙayar ko tsakuwar da ta huda shi, in ba haka ba sabon ma zai tafi kafin mil ɗaya. Wanda ya tashi yana zama kusa da mai gyaran keke a unguwarsu ya zo ƙasar nan da jarin da ba a sayarwa.

Ga masu cewa a aiko musu kaya, a yi hattara da awo. Tayar keken titi ta nan da tayar babban kekenmu irin Raleigh ko Phoenix duk ana iya kiran su inci 28, amma ba ɗaya ba ne: ta farko bakinta milimita 622 ne, ta biyu 635, ba za ta shiga ba ko an yi ta da ƙarfi. Lambar tana rubuce a jikin taya, a karanto mana ita kafin a saya. Bawul ɗin tub na keken titi siriri ne, injin iskar masu faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗin tagulla, don haka duk wanda za a aiko wa irin wannan keke a haɗo masa da mahaɗin guda biyu ko uku da famfo mai ma'auni. Birki mai aiki da mai a cikin tiyo yana da daɗi a Wrynose, amma idan garinku babu mai kayan zuƙe masa iska da irin man da ya dace da shi, a zaɓi birkin waya. Sarƙa mai giya 11 ko 12 siririya ce, ƙurar hunturu da yawan mai suna cinye ta da wuri, kuma samun madadinta a kasuwa wahala ne. Keke mai giya 8 ko 9 a baya, da firam na alminiyam ko ƙarfe, da wili mai wayoyi 32, shi ne wanda mai gyaranku zai iya riƙe muku shekara da shekaru, kuma zai hau tudun Jos ba tare da gardama ba idan aka sa masa haƙori 32 a baya.