Kwana tara da faifan Hell Yeah! na HorrorPops

Tsaraba aka kawo min daga Kopenhagen, babban birnin Danmak: faifan Hell Yeah! na ƙungiyar HorrorPops, wanda ya fito a 2004. Da farko na ce wannan hayaniyar ba tawa ba ce. Yau kwana tara ke nan yana cikin rediyon motata, ban cire ba.

Salon nasu psychobilly ake ce masa, wato tsohon kiɗan rockabilly na Amurka na shekarun 1950 da aka zuba wa zafin punk (wani kiɗa mai sauri da hayaniya), a haɗa da zancen fatalwa da maƙabarta cikin raha. Amma ni abin da ya kama ni shi ne bes, ƙaton gogen nan da ake jingine a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum. Patricia Day, mai kaɗa wa ƙungiyar bes, ba shafa igiyar take yi ba. Fizgo ta take, ta sake ta ta mari katakon, sai ka ji ƙwas-ƙwas a bayan kowane dum, kamar ana kaɗa ƙwarya da zobe a yatsa. Tana wannan aikin kuma tana rera waƙa.

Abin mamaki, asali ba kayan kiɗanta ba ne. Jita take kaɗawa a wata ƙungiyar punk lokacin da suka haɗu da Kim Nekroman a birnin Kolon na Jamus a 1996. Shi ne gwanin bes, wanda ya kafa ƙungiyar Nekromantix tun 1989, mai gogen da aka sassaƙa kamar akwatin gawa. Sai suka yi musaya, ta karɓi bes, ya ɗauki jita, suka kafa HorrorPops, daga baya ma suka yi aure. Shekara takwas suka yi kafin kamfanin Hellcat na mawaƙin punk Tim Armstrong ya fitar musu da wannan faifai na farko. Faifan Bring It On! ya biyo a 2005, Kiss Kiss Kill Kill a 2008.

Ba zan ce babu gyara ba. Wajen tsakiya waƙoƙin sukan yi kama da juna, har nakan duba ko baya ya koma.

Shawara ɗaya: kada ku gwada shi da lasifikar waya. Na gwada, dum ɗin ya ɓace, ƙwas-ƙwas kaɗai ya rage, har ƙanwata ta leƙo tana cewa, "Yaya, me ya lalace a ɗakin nan?"