Jaba da malam-buɗe-littafi: wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka yi: mece ce dangantakar jaba da malam-buɗe-littafi a rabe-raben halittu, kuma wanne ya fi kusa da ƙarewa a duniya.

Ta farko ba ta da wuya. Dukansu dabbobi ne, daga nan kowa ya kama gabansa. Jaba tana da ƙashin baya, tana haihuwa tana shayarwa, danginta shi ne Soricidae, nau'o'inta sun haura 380. Kuma ba ɓera ba ce duk da kamannin. Ta fi kusa da bushiya, abincinta ƙwari da tsutsotsi. Shi kuwa malam-buɗe-littafi ƙwaro ne mai ƙafa shida a rukunin Lepidoptera: daga ƙwai ya zama tsutsa, ya shige ƙwanso, sannan ya fito da fukafukai. Nau'o'insa sun kai wajen 18,000.

Ta biyun ce mai sarƙaƙiya, domin IUCN, ƙungiyar duniya mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ba ta yanke hukunci a dunƙule, nau'i-nau'i take bi. Babbar jabar Afirka, Crocidura olivieri, tana ajin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, har kusa da gidajen mutane takan zauna. Amma jabar tsibirin Kirsimeti na Ostareliya, rabon da a gan ta tun 1985. Haka abin yake a ɗaya ɓangaren. Nau'in malam-buɗe-littafin da ake kira monarch mai ƙaura tsakanin Kanada, Amurka da Meziko ya shiga ajin masu fuskantar haɗari a 2022, a 2023 aka sassauta masa zuwa ajin masu rauni. Na Queen Alexandra a Papuwa Sabuwar Gini, wanda ya fi kowanne girma, yana cikin haɗari saboda ana share dajinsa don gonakin kwakwar manja, an kuma haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

A ganina, auna su da jerin IUCN kaɗai ba ya yi wa malam-buɗe-littafi adalci. Kusan duk dabbobi masu shayarwa an tantance su, ƙwari kuwa kaɗan aka leƙa, don haka rashin ganin sunan wani nau'i a jerin ba ya nufin yana zaune lafiya. Ita ma jabar ba ta tsira ba: da yawa daga nau'o'inta an rubuta musu "bayanai ba su isa ba", domin wasu a kan dutse ɗaya ko cikin daji ɗaya tak aka taɓa kama su.