Sun karɓi fankarsu, amma kuɗin aike sai da aka kai ruwa rana

Idan maki zan ba shagon nan, uku cikin biyar ne. Biyun da na hana shi ba don fankar da ya aiko mini ta zo da matsala ba ne, domin kayan lantarki kan zo a lalace ko daga hannun wa. Riƙon da ya yi wa kuɗin aike shi ya ja masa.

Fanka ce mai caji, inci 18, haɗe da farantin sola, daga wani shagon Legas mai sayarwa ta manhaja. Kuɗinta naira 68,000, kuɗin kawowa Kano naira 9,500, duk a rasit ɗaya. Ta iso a lokacin da suka ce, kwalinta ko kwarzane babu. Idan an jona ta da wuta tana juyawa lafiya lau, amma da an ɗauke wutar, kafin ka gama shan shayi ta tsaya cak. Batirin ba ya riƙe caji. A zafin Afrilu na Kano kuwa, batirin aka saya, ba fuka-fukan ba.

Ta fuskar amsa ƙorafi ba ni da abin cewa sai yabo. Na tura musu bayani ta manhajar, suka nemi bidiyo, na ɗauka tun daga cire wayar daga soket har tsayawar fankar. Ba su ce ni na lalata ba, ba su tura ni wajen mai gyara ba. Suka amsa cewa aibin daga wurinsu ne, in mayar.

Matsalar ta fara ne daga wa zai ɗauki nauyin mayarwar. Na kira yaron da ya kawo ta, ya ce, "Yallaɓai, ni kawowa kawai aka sa ni, ɗaukowa ba aikina ba ne." Gaskiyarsa. Shagon kuma ya ce ba shi da masu zuwa karɓar kaya a unguwarmu, in aika da kaina. Na kai ofishin wani kamfanin aike, aka auna kwalin, na biya naira 7,000. Da ta isa Legas suka duba, sai ga alat na 68,000 cif. Sauran 16,500 shiru. Da na tambaya, amsar ita ce a ƙa'idarsu ba a mayar da kuɗin aike, tunda an riga an yi aikin kawowa.

To, a nan ya kamata mai saye ya san cewa kuɗin aike iri biyu ne, kuma ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne.

Na mayarwa a fili yake. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye wata uku daga ranar da kaya suka iso hannunsa: idan ba su kai ingancin da ya kamata ba, yana da damar mayar da su ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwar da duk abin da ya same su a hanya a wuyan mai sayarwa yake. Daga nan ko dai a gyara, ko a canja, ko a mayar da kuɗi. Ƙa'idar da shago ya rubuta wa kansa a manhaja ba ta danne wannan, kamar yadda hukumar ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a jikin rasit ba ya soke haƙƙin mai saye. Ba ma sabon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami aka zo babin ciniki ya ji cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba.

Na kawowa shi ne inda suke samun wurin kamawa. Su a ganinsu ciniki biyu aka yi: na fanka ya warware, na jigila kuwa ya kammala. Ni ban yarda ba. Ban biya 9,500 don kwali ya ga hanyar Legas zuwa Kano ba, na biya ne don fanka mai aiki ta shigo ɗakina, kuma ba ta shigo ba. Da launinta ne bai yi mini ba, ko na ga wata mai rahusa na fasa, da ko gardama ba zan yi ba, in biya zuwa in biya komawa. Amma aibi nasu, asara tawa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin jigila ya daina zama ɗan canjin da mutum zai ce ya yafe. A wannan ciniki, zuwa da komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin fankar ne, kuma babu fankar.

Na bar hira ta manhaja, inda kowane lokaci sabon ma'aikaci ke amsawa a sake bayani daga farko, na rubuta musu imel. Na sa lambar oda, hoton rasit ɗin shago, hoton rasit ɗin kamfanin aike, da saƙonsu da suka amsa aibin. Na ambaci sashen, na ce idan ba mu daidaita ba zan shigar da ƙorafi a shafin FCCPC. Ban zagi kowa ba. Cikin makon, naira 7,000 ta shigo asusuna na banki.

Rasit ɗin kamfanin aike ne ya yi wannan aikin. Da yawanmu ta tasha muke aika kaya, a ba direba a karɓi lambar wayarsa da ta motarsa, kuma hakan ya fi sauƙi. Sai dai babu ma'aikacin shagon da zai mayar maka da kuɗi a kan lambar wayar direba. Idan kayan da za ka nemi a biya ka ne, ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka samu takarda mai ɗauke da adadi da kwanan wata. Haka kwalin da takardun ciki, kada yara su yi mota da shi sai ka gwada kayan sosai, domin sun ce dole a mayar a cikin kwalinsa.

Ita kuwa 9,500 sun mayar, amma cikin asusun manhajarsu, ba banki ba, har da cewa alfarma ce suka yi mini. Kuɗin da ba ka iya cirewa, sai dai ka saya a wurinsu, kuma duk abin da ka saya sai ka sake biyan kuɗin kawowa, ni ban ɗauke shi a matsayin an biya ni ba. Ga mai sayen ƙananan kaya a kai a kai, irin caja ko abin sauraro na kunne, wannan tsarin ba zai dame shi ba, kuma shagon ya cancanci a gwada shi. Mai sayen kaya masu nauyi, fanka ko injin markaɗe ko batirin inbata, ya tambaye su a rubuce tun kafin ya tura kuɗi: idan kaya suka zo da aibi, wa ke biyan zuwa, wa ke biyan komawa, kuma ta wace hanya? Ya ajiye hoton amsar. Na sake rubuta musu cewa a tura mini ragowar ta banki, sun ce sun miƙa maganar ga sashen kuɗi.